Ƙafar da Aka Binne a Tungar Marke

Daga Maradun har Bakura, in ƙashi ya karye, sunan da ake fara kira bayan na Allah shi ne na Sallau maɗori. Ba wani ƙato ba ne, ɗan tsamurmurin tsoho ne mai gemu tsilli-tsilli, amma babban yatsansa na dama ya fi idon wasu gani. Yakan rufe ido ya bi ƙafar mutum da shi a hankali, ya ce ga inda ta karye, ga inda ta tsage, ga kuma tsohon targaɗen da mai ita ya yi tun yana kiwon awaki. Shekara arba'in yana ɗori, ba a taɓa nuna mai ɗingishi an ce aikin Sallau ne ba. Ƙafa ɗaya ce tak ta gagare shi, ita ce kuwa ta amininsa Gajere.

Gajere sunan tsokana ne, don duk Tungar Marke babu wanda ya kai shi tsawo. Rana ɗaya aka yi musu kaciya shi da Sallau, gonakinsu na fadama kuma iyaka ɗaya. Da aka fara aikin dam ɗin Bakolori, aka ce ruwa zai cinye fadamar da ƙauyen gaba ɗaya, Gajere ya ce shi ba zai zauna yana kallon gonar da aka riga aka yi wa sallar gawa ba, ya shiga cikin leburori masu fasa dutse. Wata Laraba da hantsi wani dutse ya gangaro ya danne masa ƙafar hagu. Aka ruga aka kira Sallau. Ya durƙusa ya taɓa, ya ji ƙashin ya zama tsaki, ya ɗago kai ya faɗi gaskiya ko da ba ta yi masa daɗi ba.

"Wagga ta hi ƙarhin kara da tsumma. Ku kai shi asibiti."

A asibiti aka yanke ta ƙasa da gwiwa, aka naɗe ta a farin ƙyalle aka miƙa wa Sallau, don ba a yar da gaɓar Musulmi a juji, binne ta ake yi. Sai dai abin ya faɗo a makon tashi. Motocin kwasar kaya na tsaye a bakin gari, maza na cire jinka da ƙyaure, mata na ɗaure tukwane, ga hadari ya haɗo daga gabas. Sallau ya ɗauki fartanya ya nufi maƙabarta shi kaɗai, ya haƙa rami a gindin tsohuwar kuka, ya yi bisimilla ya sa ƙafar ya mayar da ƙasa, ya koma da gudu don kada a bar masa iyali a baya. Bai kwance ƙyallen ya duba ba.

Aka zuba mutanen Tungar Marke a kan wani tudu kusa da Maradun, ƙasa ja mai tsakuwa wadda ko gero sai da lallashi. Ruwa ya taso a hankali ya shanye fadama, ya shanye masallaci, ya shanye maƙabarta. Gajere ya dawo daga asibiti da sanda biyu, dungun ya warke sarai, kowa ya ce an auna arziki. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan wata biyu ya fara cewa ƙafarsa na ciwo, ba dungun ba, ƙafar da babu. Ya ce yatsun sun lanƙwashe sun nutse cikin tafin, ƙaramin yatsan kuwa kamar an ɗora masa garwashi. Sai ka ga ƙaton mutum yana zaune ana hira, ya kai hannu yana lalubar iska a ƙasan dungu, gumi na tsiyaya daga gemunsa.

Tsofaffin garin ba su yi mamaki ba, sun ce abin sananne ne tun kaka da kakanni. In aka binne gaɓa a lanƙwashe, mai ita ba ya samun sukuni sai an tono ta an miƙe ta. Magani mai sauƙi, in ban da cewa kabarin yana can ƙarƙashin ruwan dam. Wata rana bayan La'asar Gajere ya dubi Sallau a gaban mutane ya yi masa tambaya ɗaya.

"Sallau, ran da kab binne ta, ka miƙe mata yatsu?"

Da wani ne da ya ce ya miƙe, wa ya gani? Amma Sallau bai iya ba.

"Ban kwance ƙyallen ba, Gajere. Hadari ya taso, motoci na jira."

Gajere bai zage shi ba, da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Ya jawo sandunansa ya tashi. Daga ranar sai gaisuwar Musulunci kawai, ita ma a taƙaice. Shekara uku Sallau yana ɗora ƙasusuwan baƙi suna tashi suna tafiya, shi kuwa in ya bi ta ƙofar Gajere ya jiyo nishinsa daga zaure, sai ya ji kamar shi ne ke murɗa yatsun da hannunsa. Abin ya ci shi ƙwarai, har ya rame.

A bazarar shekara ta uku ruwan dam ya ja baya fiye da yadda ya saba, har kan tsohuwar kukar maƙabarta ya leƙo. Gajere na jin haka ya aika aka kira masa Nasidi, wani masunci mai kwalekwale, suka shirya ranar Alhamis da safe zai kai shi gindin kukar, ya ɗaura igiya a ƙugu ya nutsa da 'yar fartanya. Mutum mai ƙafa ɗaya, ɗan shekara sittin da ɗoriya, a ruwa gaba uku mai laka! Matarsa Marka ta zo gidan Sallau tana kuka, ta ce ta roƙa, liman ya roƙa, amma maigidan nata ya rantse ko dai ya miƙe yatsun nan ko ya kwanta kusa da su. Sallau ya ce ta koma ta gaya masa wanda ya binne shi zai tono. Marka ta san Sallau bai iya ruwa ba, ko a gulbi iyakarsa gwiwa. Ta tafi da saƙon, ba ta san ko murna za ta yi ko ta ƙara kuka ba.

Ranar Litinin ta makon ne Barau ya iso. Barau ɗan Sallau ne, wanda uban ya so ya gaje shi, amma boko ya ɗauke shi tun yana ƙarami. Daga Maradun sai Sakkwato, daga Sakkwato sai Zariya, inda ya karanta likitanci. Sallau ya ɗan ji sanyi a lokacin, ya ce to, ɗori da allura ai duk taimakon bayin Allah ne. Sai kuma yaron ya bar duba marasa lafiya ya tafi Ingila, ya shekara tara a wani ɗaki yana yanka jijiyoyin kwaɗi da ɓeraye yana saurarensu da waya. Wai ciwo yake bincike, yadda yake tashi da hanyar da yake bi har ya kai ga ƙwaƙwalwa. In mutane suka tambayi Sallau aikin ɗansa, sai ya ce likita ne, ya yi maza ya kawo zancen damina. Yanzu ga shi ya dawo, an ba shi ɗan ɗaki a asibitin Talata Mafara, yana tara waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa a shekarun aikin dam yana yi musu tambayoyi yana rubutawa.

Ya jingine babur ɗinsa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban mahaifinsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gajiya, ta iyali, ta zafin bazara, ta mutanen Mafara, har sai da kowa ya tabbatar kowa lafiya lau yake, alhali ba haka ba ne. Barau ya ga ramar tsohon ya tambaya. Sallau ya so ya ɓoye, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya kwashe labarin duka ya gaya masa. Abin da ya ba shi haushi, maimakon yaron ya yi salati, sai ya ga idonsa na ƙyalli kamar wanda aka yi wa albishir.

"Baba, wane yatsa yac ce ya hi yi mai zahi?"

"Ina hwaɗa maka za ni shiga ruwa ran Alhamis, kai kana tambayar yatsa?"

"Ka gahwarce ni, Baba. Abin ga shi na aikina, shekara tara shi nika bi. Ciwon ga ba cikin ruwa shike ba."

Ya gyara zama ya yi bayani. Ya ce jijiya 'yar aike ce, ita ke ɗaukar labari daga yatsa ta kai wa ƙwaƙwalwa. An yanke ƙafa, amma 'yar aiken ba ta tafi da ita ba, tana nan a cikin dungu. Bakinta da aka yanke yakan nemi hanyar komawa gida ya rasa, sai ya dunƙule wuri ɗaya ya yi ta aika saƙo ba dare ba rana. Ƙwaƙwalwa kuwa ta saba duk abin da ya zo ta wannan hanya daga yatsa yake, sai ta ce yatsa ne ke ciwo. Ya ce ya ji wannan kukan na jijiya da kunnensa a jikin dabbobi, ya auna shi, ya rubuta, masana sun karanta sun yi gardama sun yarda da rabi.

Sallau ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da ta daɗe a ransa.

"To, shekara taran ga, mutum nawa kaw warkar?"

Barau ya sunkuyar da kai.

"Ko guda, Baba. Hanya nika nema."

Sallau ya yi tsaki a zuci. Amma gaskiyar amsar ta ɗan taɓa shi, don ya san masu magani da yawa da ba su taɓa cewa ko guda ba.

Washegari Barau ya tafi gidan Gajere shi kaɗai, Sallau ya bi shi daga nesa ya tsaya a bakin zaure kamar baƙo. Gajere ya karɓi gaisuwa, amma da ya ji zancen likita sai ya ɗaure fuska. Ya ce ya je asibiti sau biyu, likitan farko ya ba shi ƙwayoyi, na biyu ya yi dariya ya ce ƙafar da babu ba ta ciwo, ya je a yi masa rubutu. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne, kuma ba zai sake zama ɗan boko ya mayar da shi mahaukaci ba.

Barau bai yi musu ba. Ya share ƙasar zauren da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya zana ƙafa da yatsunta biyar, ya miƙa wa tsohon tsinken.

"Baba Gajere, na yarda tana ciwo. Gwada mani inda wutar take, da inda ta tsaya."

Gajere ya dubi zanen, ya dubi yaron. Shekara uku ana ba shi magani, ana ba shi haƙuri, ana ba shi labarin wani da ya fi shi wahala, ba a taɓa samun wanda ya tambaye shi a ina ba. Ya karɓi tsinken, ya ja layi daga ƙaramin yatsa ya bi gefen ƙafar har idon sawu. Ya ce nan wuta ce, nan kuma kamar tururuwa, babban yatsa shi lafiyarsa lau, matsewa kawai yake. Barau na ta rubutu yana gyaɗa kai. Da suka gama ya ce layin nan da aka ja hanyar jijiya ɗaya ce, ya san ta, ya san ta inda take bi. Ya roƙi a ba shi safiyar gobe kawai. Zai nemo bakin jijiyar a cikin dungu ya yi mata allurar da ke kashe wuri, irin wadda ake yi wa mai cire haƙori. In wutar yatsan ta mutu, to ciwon a nan yake.

"In ba ta mutu ba hwa?" in ji Gajere.

"In ba ta mutu ba, ban da ta cewa."

"To Alhamis tana nan inda take." Ya faɗa da ƙarfi yadda na bakin zaure zai ji.

Laraba da hantsi suka haɗu a zauren. Marka ta shimfiɗa tabarma ta koma bayan ƙyaure ta tsaya. Barau ya wanke hannu, ya buɗe 'yar jakarsa, ya fito da sirinji da ƙananan kwalabe biyu, iyakar abin da ya zo da shi ke nan. Sallau ya zauna can gefe ya harɗe hannuwa, ya ƙudura ba zai sa baki ba.

Barau ya ɗora dungun a kan cinyarsa ya fara dannawa. Ya danna gaba, ya danna gefe, ya ƙwanƙwasa da yatsa yana tambaya ko an ji wani abu. Gajere ya ce yana jin hannu dai. Dungun ya yi kauri, tabo kan tabo, ga kanta da sanda da rarrafe suka tara. Sallau na kallon yatsun ɗansa, dogaye masu laushi, suna yawo a kan fata kamar baƙon da ya shigo gari da rana tsaka yana neman gidan da bai sani ba. Kai ya san abin da yake nema, hannu bai sani ba. Can Barau ya tsaya a wani wuri da ya ɗan yi tauri, ya ce yana jin nan ne. Ya zuƙi kwalba ɗaya ya soka. Aka jira. Kaza ta shigo ta fita. Fatar wurin ta mutu har ana tsungulinta bai ji ba, amma da aka tambayi Gajere labarin yatsa sai ya girgiza kai.

"Tana nan yadda take. Ɗana, ka yi ƙoƙari, Allah shi yi ma albarka. Marka, miƙo mani sandunana."

Gumi ya karyo wa Barau. Ya dubi kwalbar da ta rage, ya dubi littafinsa. Sallau ya ga fuskar ɗansa, sai ya tuna ranar da shi ma ya durƙusa gaban wannan ƙafar ya ce ta fi ƙarfinsa. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Kai, abin ga da kaka nema, mi shika kama?"

"Ɗan ƙululu na, Baba. Bai wuce ƙwarar wake ba. Shina da santsi, in an danna shi yakan gudu ƙarƙashin yatsa."

"Ga ƙashi shike, ko ga nama?"

"Kusa da ƙaramin ƙashi, ta waje. Amma tabo ya ja komi ya sake mai wuri."

Sallau ya tashi ya matso. Shekara uku rabon da ya taɓa jikin Gajere. Ya durƙusa, ya miƙa hannu ya tsaya, yana jiran a kore shi. Gajere ya kau da kai ya dubi bango, amma bai janye dungun ba. Sallau ya yi bisimilla ya rufe ido. Babban yatsan ya sauka a kan gwiwa, ya gangara ya sami kan ƙaramin ƙashi, ya bi shi a hankali yana rarrabe tabo da nama, nama da jijiya. Ya wuce inda Barau ya soka bai ko tsaya ba. Ya zagaya ta baya, can cikin wani lungu da fata ta naɗe, ya nutsa yatsan ya ɗan jira. Wani abu ƙarami ya zame masa. Ya bi shi ya tare shi a jikin ƙashi, ya danna.

Gajere ya ƙwalla ƙara har Marka ta faɗo cikin zauren ba mayafi.

"Ƙaramin yatsa! Wayyo Allah, Sallau, ka taka mani ƙaramin yatsa!"

Duk suka dubi inda hannun Sallau yake, a bayan dungu, taki guda daga inda yatsa zai kasance ko da ƙafar na nan. Barau ya yi wata irin dariya mai haɗe da hawaye.

"Shi na! Baba, kada ka motsa. Don Allah kada ka ɗaga."

Ya zuƙi kwalba ta biyu. Ya kwantar da allurar a jikin farcen mahaifinsa, ya bi gefensa ya shiga a hankali, yana tambaya ko ya kai, Sallau na cewa ƙara kaɗan, karkata hagu, tsaya nan. Ya tura maganin duka. Sallau bai buɗe ido ba, yana ta salati a zuci, don ya san in wannan ma ta faɗi banza, gobe war haka yana cikin kwalekwalen Nasidi da igiya a ƙugu.

Gajere ne ya fara magana, da wata murya ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada ya tada wani abu.

"Wutar tana ja da baya."

Ya numfasa, ya ci gaba.

"Ƙaramin ya saki. Na kusa da shi ma ya saki. Marka, suna buɗewa! Wallahi suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya!"

Ya zura ido ga tabarma, wurin da babu komai, yana kallon yatsun da shi kaɗai ke ji suna miƙewa. Marka ta toshe baki da gefen zane tana kuka. Sai ƙaton nan ya saki wata ajiyar zuciya mai tsawo, kafaɗunsa suka sauko, fuskarsa ta warware har ya koma kama da Gajeren da aka sani a Tungar Marke.

Barau bai bari murna ta rufe gaskiya ba. Ya ce maganin zai sake shi kafin Magariba, ciwon zai dawo. Ya ce sai an kai shi Mafara an sake yi, daga baya likitan fiɗa ya cire ƙululun ya binne bakin jijiyar cikin nama, kuma ko an yi haka ba ya alkawarin zai tafi duka, don akwai na ƙwaƙwalwa da har yanzu ba a gama gane shi ba. Amma abu ɗaya ya tabbata a gaban shaidu, ciwon a nan yake cikin zauren nan, ba a gindin kuka ba. Ko an binne ƙafar a miƙe ko a lanƙwashe, ba ruwanta.

Gajere ya juyo ya dubi Sallau sosai, karon farko cikin shekara uku.

"Ashe ba kai na ba."

"Ban dai kwance ƙyallen ba," in ji Sallau.

"Ko ka kwance, Sallau. Na ɗora ma kayan da ba naka ba, ka ɗauka ba ka ce uffan ba. Ka yahe mani."

Sallau ya dube shi. Ya gyaɗa kai kawai. Gajere ya ci gaba da magana, yana cewa in Allah ya kai su Talata zai hau motar kasuwa, yana tambaya ko akwai wasu irinsa a Mafara. Barau ya ce talatin da ɗaya ya rubuta, daga Dakko, daga Ruwan Gizo, har da wani Bafulatani daga Gidan Goga da ke jin hannun da babu yana riƙe da sanda. Ya ce a cikinsu bai iya gano ƙululun ba sai a mutum huɗu, ya ɗan saci kallon hannun mahaifinsa. Gajere ya buɗe baki zai ce wani abu, maganar ta tsaya a rabi. Kansa ya karkata ya sauka a kafaɗar Sallau. Barci ne ya kwashe shi, da rana tsaka, a zaune.

Marka ta ce a bar shi don Allah, ta manta rabon da ta ga ya yi irin wannan. Sallau bai motsa ba. Hannunsa na kan dungun, kafaɗarsa ta ƙage, ƙafarsa ta yi sanyi, bai damu ba. Daga inda yake yana kallon Barau ya wanke sirinji, ya zauna a ƙasa ya ɗora littafi a gwiwa, yana zana dungun da inda yatsan tsohon ya tsaya, yana auna nisan da zare, ya rubuta, ya goge, ya sake aunawa. Sallau ya ga yadda yaron ya tattara hankalinsa duka a kan abu ɗan mitsitsi, bai yarda da kusan daidai ba sai daidai, ya gane wannan halin, don ya san inda aka samo shi. Shekara tara da kwaɗi da ɓeraye, ashe hanyar zauren nan yaron ke nema. Alfahari ya cika masa ƙirji har ya ji nauyinsa, bai kuwa yi istigfari a kai ba.

Wajen Azahar aka yi sallama a waje. Nasidi ne, ya zo jin ƙarfe nawa za a fita gobe, da ko igiyar da ya samo ta isa. Barau ya ɗago kai ya dubi mahaifinsa. Sallau ya yi masa alama ya matso, don kada ya tada mai barci, ya yi magana a hankali.

"Tahi ka ce mai shi kama kihinai, ba mu zuwa. In ya tambayi dalili, ka ce ɗana ya gama aikin tun bisa tudu."

Barau ya tsaya da littafi a hannu kamar bai ji daidai ba.

"Hakanan za ni hwaɗa mai, Baba?"

"Hakanan. Kada ka rage ko kalma guda."